WA YA CINYE MIN KATI? Tarihin cushen kuɗi a layukan waya, daga zamanin NITEL zuwa yau

 Kamar yadda muka saba, wannan shi ne rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba da waɗanda suka fi gane karatu.

Yau mun ajiye tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Za mu bi sawun wata 'yar tambaya da da wuya a sami gidan da ba a taɓa yin ta ba: "Wa ya cinye min kati?" Ko in faɗe ta da bakin mutanenmu na Kabi, "Wa ya canye mani kati?" Daga unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi har bakin Matan Fada a Argungu, tambayar ɗaya ce. Mutum ya sa katin ɗari biyu da daddare, bai kira kowa ba, bai tura saƙo ba, gari ya waye ya duba ya tarar da ɗari da hamsin. Hamsin ta yi ƙafa.

Yawancinmu tsaki muke ja mu wuce. To amma hamsin ɗin nan tana da tarihi, tana da waɗanda ke raba ta, har kotu an je a kanta. Ku gyara zama.

MENE NE ABIN?

Bari mu fara da rarrabewa, don ana yawan cakuɗa abu biyu. Akwai saurin ƙarewar data, wannan hirar wata rana ce. Namu na yau shi ne a cire maka kuɗi daga kati saboda wani sabis da ba ka nema ba: waƙar jiran kira da muke cewa kolatun, sakamakon ƙwallo, shawarwarin soyayya, kacici-kacici, labarai, wasannin waya da makamantansu.

A wannan harka mutum uku ne. Akwai kai mai layi. Akwai kamfanin layi, wanda kuɗinka ke ajiye a hannunsa. Sai kuma wani kamfani na uku da ba ka san sunansa ba balle ofishinsa, shi ne mai sabis ɗin. Na ukun nan ba ya iya taɓa kuɗinka da hannunsa. Sai dai ya sanar da kamfanin layi cewa lamba kaza ta yi rajista, kamfanin layi ya cire, su raba. Amurkawa sun raɗa wa wannan aiki suna da wata kalma tasu mai nufin danna abu da ƙarfi inda babu wurinsa. Mu a shirin nan sai mu kira shi cushe, tunda duk mun san cushe.

ZAMANIN TAKARDA

A 1985 aka kafa NITEL, kamfanin waya na gwamnati. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. A wancan lokacin waya ta ofisoshin gwamnati ce da gidajen manya. Har zuwa shekarar 2000, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100 ba ta da layukan waya masu aiki da suka kai rabin miliyan. Talaka in yana son jin ɗansa da ke Kaduna, ko dai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya kai wasiƙa tasha ya ba direba.

A lokacin ma akwai kukan cushe, da wata kama daban. Masu waya na ƙorafin ana kawo musu bil na kiran da ba su yi ba, har na ƙasashen waje, domin ana iya jona wayar mutum a kan hanya a yi kira da layinsa. Amma ku riƙe abu biyu. Na farko, akwai takarda. Kana iya ninke bil ɗin ka sa aljihu, ka je ofis ka ajiye a kan tebur ka ce a nuna maka. Na biyu, ba ka riga ka biya ba. Kuɗin na aljihunka, mai bin bashi ne ke da aikin gamsar da kai.

Ku riƙe waɗannan biyun da kyau, don su ne suka ɓace da zuwan wayar salula.

2001: KUƊI YA KOMA HANNUN WANI

Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tun 1992 aka kafa ta, amma sai a Janairun 2001, zamanin Obasanjo, ƙarƙashin shugabancin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM. Kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Aka fara da manyan birane irin su Legas da Abuja da Fatakwal, sannan a hankali sabis ya riƙa gangarowa manyan biranen jihohi, daga baya ƙananan garuruwa. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya riga: Vmobile, Celtel, Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma sim ɗaya ya kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya. In ka yi daƙiƙa 5 layi ya yanke, hamsin ɗinka ta tafi. In ka yi minti 1 da daƙiƙa 2, ɗari ce. Daga nan aka koyi filashin, daga nan kuma aka sami masu lema da teburi a bakin titi suna sayar da kira.

Babban sauyin dai shi ne kati. Kusan dukkanmu tsarin biya-kafin-ka-kira muka shiga. Ka kankare kati, ka loda, kuɗinka ya bar aljihunka ya koma asusun kamfani. Babu bil a ƙarshen wata, babu takardar da ke jera abin da aka cire da dalilinsa. Lamba ce kawai a fuskar waya, yanzu 200, anjima 150. Asusu naka ne, makulli na hannun wani.

Kuma mutane ba su yi shiru ba. Ranar 19 ga Satumba 2003, masu waya a faɗin Najeriya suka yi yajin kashe wayoyinsu na yini guda saboda tsadar kira da rashin ingancin sabis, babban abin da suke nema har da a riƙa lissafi da daƙiƙa. Makonni uku kafin nan, ranar 29 ga Agusta, Glo ta Mike Adenuga ta shigo kasuwa da lissafin daƙiƙa, abin da manyan kamfanonin biyu ke cewa lokacinsa bai yi ba. Kafin shekarar ta ƙare, duk sun bi sahu. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan watanni, da zarar kishiya ta shigo kuma jama'a suka ɗaga murya tare.

YADDA TARKON YAKE

Da kira ya yi sauƙi, sim ya koma kusan kyauta, sai aka shiga neman wasu ƙofofin samun kuɗi. Nan kasuwar ƙananan sabis ta buɗe. Kamfanoni masu yawa suka karɓi lasisi daga NCC, har suka kafa ƙungiyarsu mai suna WASPAN. A Arewa kolatun ta yi kasuwa sosai: waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin yabo, karatun Alƙur'ani, guntun wa'azi. Sai gasar tura saƙo a ci mota ko miliyan, wadda ta yi yawa har NCC ta dakatar da garaɓasa da caca na kamfanonin layi a Nuwamban 2012.

Wanda ya nema ya biya, babu laifi. Matsalar ita ce yadda ake samo "yardar" wanda bai nema ba. Ga hanyoyin da duk mun gani da idonmu.

Ka kira abokinka, waƙa na tashi, wata murya ta ce danna kaza in kana son wannan waƙar. Kunnenka ko kumatunka ya taɓa madanni, shi ke nan ka saya.

Ko kana cikin danna waya, wani rubutu ya faɗo a fuska da Turanci, a ƙasa akwai wurin amincewa da wurin sokewa. Yatsanka dama yana kan hanya, ya sauka a kan na amincewa.

Ko kana kallon bidiyo a wani shafin intanet da data, ka taɓa wani hoton talla don ka kawar da shi. Tunda da layinka ka shiga, na'ura ta riga ta san lambarka, ba sai ka rubuta ba.

Ko a ce maka kyauta ne na kwana 7. Ran na takwas kuma sai tazarce. Wato sabis ɗin ya riƙa sabunta kansa kowane mako ko kowace rana, ba wanda zai sake tambayarka. In babu kuɗi a layin sai ya laɓe yana jira. Ranar da ka loda kati, kafin ka gama karanta saƙon shigar kuɗi ya ɗauki nasa.

Me ya sa kamfanin layi bai tsaya ya tantance ba? A nan gizo ke saƙar. Kuɗin da aka cire raba shi ake yi, kuma masu sabis ɗin sun daɗe suna kukan cewa kamfanonin layi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ka ga ke nan wanda aka ba ajiyar kuɗinka yana da rabo a cikin abin da aka cire. Mai gadi yana da kaso a kayan da suka fita ta ƙofar da yake tsaro.

Ku kwatanta da kasuwarmu. Je ka babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko wurin dillalan kifi a Argungu. Mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ja, har sai an ji "na sallama". Sai bayan nan dillali zai karɓi la'adarsa. Ko yaro ya san in babu tayi babu sallama, ciniki bai faɗa ba. A cushe kuwa, ba ka taya ba, ba ka ma ga kayan ba, an yanki kuɗi, dillali ya ɗauki la'ada.

ME YA SA ABIN YA FI CIWO A NAN?

Domin a wurinmu waya ta daɗe da zama kayan aiki kamar fartanya. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma, gwamnati ta fara raba takin tallafi ta saƙon waya: manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo, ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. A Nuwamban 2015 kuma, a nan jihar Kebbi shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki, wanda manoman shinkafa suka fi cin gajiyarsa. Masana'antun casar shinkafa suka tsaya da ƙafafunsu, Labana a Birnin Kebbi, WACOT a Argungu. Manomin fadama yana buƙatar waya don ya ji farashin buhu, ya kira mai gyaran injin ban ruwa, ya nemo mota. Masunci yana kiran dillali tun yana cikin jirgi. Mai albasa a Aliero yana jin kasuwar Kudu kafin ya yi lodi.

To dattijon da ke wannan aiki, sau da yawa ya yi karatun allo, yana karanta ajami tiryan-tiryan, amma saƙon da ke shigo masa da Turanci ne. Ana gaya masa an sa shi a wani sabis, ana gaya masa yadda zai fita, duk da harshen da ba ya ji. A takardar kamfani an sanar da shi. A zahiri kuwa wayar ta yi ƙara ne kawai ya mayar aljihu.

Mu yi ɗan lissafi na misali. Naira 50 a mako, a shekara naira 2,600 ke nan. Naira 20 a rana, a shekara naira 7,300. In layin na ɗauke da sabis biyu ko uku, ku tara da kanku. Yanzu ku juya ta ɗaya gefen: a ce layi miliyan 1 ne kacal ake cire wa naira 50 a mako. Naira miliyan 50 ke nan duk mako, biliyan 2 da miliyan 600 a shekara. Sirrin abin ke nan. A wurinka kuɗin ya yi ƙanƙantar da ba za ka hau mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi neman ofis saboda shi ba, kuɗin mota ma ya ninka shi. A wurin mai tarawa kuwa, da ɗaiɗai gwano ke cika rumbu.

Akwai kuma wata asarar da ba ta shiga lissafi, wato zargi. Kati ya ɓace, wa ake tuhuma? Yaron gida da ya ɗauki wayar ya yi wasa. Matar gida, wai wa ta kira. Yaron shagon caji. Mai sayar da kati, wai ya tura bai cika ba. An daki yara a kan hamsin ɗin nan, an yi cacar baki tsakanin miji da mata, alhali mai ɗaukar yana can wani ofis mai sanyi bai ma san sunan garin ba.

MU LEƘA AMURKA

Kada wani ya ɗauka halin Najeriya ne kawai. Inda aka raɗa wa abin suna, can ya fara girma. Bayan an wargaza babban kamfanin waya na AT&T a 1984, kamfanonin waya na Amurka suka riƙa karɓar kuɗi a madadin wasu kamfanoni ta cikin bil ɗin waya. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ƙorafi ya yi yawa, har hukumar sadarwarsu, FCC, ta kafa dokokin fayyace bil a 1999. A 2011 wani kwamitin majalisar dattawansu ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller ya fitar da rahoton cewa kuɗin da ake ɗora wa mutane ta wannan hanya a wayoyin gida yana kai kimanin dala biliyan 2 a shekara, kuma kaso mai yawa ba da izini ba ne.

Da abin ya koma wayar salula, salon iri ɗaya ne da namu: dala 9.99 duk wata saboda saƙon soyayya, ko duban taurari, ko tsegumin 'yan fim. Hukumomi suka ce kamfanonin layi na riƙe kashi 30 cikin 100 ko fiye na kuɗin. Sai aka bi su. A Oktoban 2014 AT&T ta amince ta biya dala miliyan 105. A Disamba T-Mobile ta amince da miliyan 90. A Mayun 2015 Verizon miliyan 90, Sprint miliyan 68. Jimla dala miliyan 353.

Abin lura biyu ne. Ba a tsaya farautar ƙananan kamfanonin nan masu sauya suna kamar hawainiya ba, an kama mai riƙe da asusu aka ce kai za ka biya. Sannan mafi yawan kuɗin an ware shi ne don a mayar wa waɗanda aka cire wa. A cikin miliyan 105 na AT&T, miliyan 80 na mayarwa ne.

MU DAWO GIDA

A nan Najeriya, NCC ta taɓa nuna tana da haƙora. A Oktoban 2015 ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin rufe layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista, naira 200,000 a kan kowane layi. Bayan doguwar tattaunawa aka sauko zuwa naira biliyan 330 a 2016. Wannan maganar tsaro ce, gwamnati ta ɗauke ta da zafi.

Maganar cushe kuwa a hankali ta taho. A zamanin Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya shugabanci hukumar daga 2015 zuwa 2023, aka fito da lambar 2442, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2016, don mai layi ya iya hana a turo masa saƙonnin talla. Aka ce kamfanin da ya saɓa zai biya tarar naira miliyan 5, da ƙarin naira 500,000 duk ranar da ya ci gaba. An kira 2017 shekarar mai amfani da waya, aka yi ta tallata 2442 da 622, layin kai ƙara kyauta. A 2018 hukumar ta ba da umarnin a daina sa mutane a sabis da ƙarfi, a daina tazarce ba da yardarsu ba. A farkon 2019 aka sa hannu a dokar da ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. A 2023 kuma aka haɗe gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a duk layuka, aka ware 305 don dakatar da sabis.

Duk wannan ci gaba ne, kada mu ƙi faɗar gaskiya. Wanda ya riƙe waya a 2013 ya san yadda saƙonni da kiran talla ke damun mutum har tsakar dare, ya kuma san an samu sauƙi. Amma ku ɗora tarar miliyan 5 kusa da lissafin misalin da muka yi ɗazu, ku gani ko za ta hana barci. Sannan ku duba a wuyan wa aka rataya aikin. Kai ne za ka gane ana cire maka, kai ne za ka san lamba, kai ne za ka tura kalmar Turanci, kai ne za ka kira ka jira. Ƙofa a buɗe take har sai ka tashi ka rufe, maimakon ta kasance a rufe har sai ka buɗe.

Wasu sun bi ta kotu. Wani lauya a Abuja ya kai MTN ƙara kan saƙonnin da bai nema ba da kuɗin kolatun da ya ce ana cire masa ba da yardarsa ba. A 2021 babbar kotun Abuja ta ba shi gaskiya, ta yanke masa diyyar naira 300,000. Ya ce bai isa ba, ya ɗaukaka ƙara. A Disamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da diyyar naira miliyan 15. Hukuncin ya nuna cewa hamsin ɗin nan haƙƙi ce da shari'a ta san da ita. Amma ku lura, lauya ne, a Abuja yake, kuma shekaru ya yi yana bi. Manomin fadamar Argungu ba shi da wannan sararin.

Kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kowace naira da ke cikin kati ta ƙara daraja a wurin talaka.

A YI ADALCI

Ba duk cirewa ce cushe ba. Akwai mawaƙa da masu shirya fim da kolatun ta zame musu hanyar samu ta halal a lokacin da masu satar faifai suka kashe kasuwa. Akwai wanda shi ya nema da kansa ya manta. Akwai wanda ya ci bashin kati, da ya loda aka cire bashin da ladansa, ya zo yana cewa an yi masa sata. Akwai kuma kuɗin tura kuɗi ta lambobin banki, naira 6.98, wanda tun tsakiyar 2025 ake cirewa daga kati. Kafin ka yi ihu, duba wanne ne naka.

Ma'aunin dai ɗaya ne, kuma tsohon ma'aunin kasuwa ne. An gaya maka kuɗin da harshen da kake ji? An gaya maka zai riƙa maimaituwa? Ka ce ka yarda? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ciniki bai faɗa ba.

TO YANZU ME ZA MU YI?

Ga abin da ke hannunmu yau, kuma iri ɗaya ne a duk layuka.

Danna *310# ka ga kuɗinka. Ka saba dubawa kafin ka kwanta da bayan ka tashi, na kwana biyu ko uku, za ka gane ko akwai mai lasa.

Danna *305# ka bi matakan, ka ga sabis ɗin da ke kan layinka, ka soke wanda ba ka so.

Tura kalmar STOP zuwa 2442 don rufe saƙonnin talla gaba ɗaya. In kana son zaɓar wasu ka bar wasu, tura HELP. Ku gane bambancin: 2442 ƙofa take rufewa, 305 kuma ita ke fitar da wanda ya riga ya shigo ɗaki. Ku yi duka biyun.

In an cire maka ba da yardarka ba, kira 300, layin kula da abokan hulɗa na kamfaninka. Ka faɗi rana da adadin kuɗin, ka nemi a mayar, ka kuma karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. Kada ka goge saƙon da ya nuna cirewar, shi ne takardar da ta rage maka. In ba su yi komai ba, kira 622 kyauta, ka ba NCC wannan lambar.

Na san wani zai ce duk wannan wahala a kan hamsin? To ai da wannan tunanin aka gina kasuwar tun farko. Hukuma da yawan ƙorafi take auna girman matsala. In mutum dubu suka ja tsaki suka yi shiru, a littafinta babu abin da ya faru. Mutanen 2003 da suka kashe wayoyinsu ba su da Facebook ba su da WhatsApp, amma sun haɗa kai aka ji su.

Sai aikin da ya fi kowanne, kuma naku ne matasa masu karanta wannan. Yau in kun koma gida, ku karɓi wayar Baba da ta Inna, da ta Kaka in tana da ita, da ta maƙwabcin nan da kullum yake kawo muku waya ku duba masa saƙo. Ku danna *305# a gabansu, ku fassara musu abin da ya fito, ku tambaye su ko sun san da shi. Minti biyar ne. Sannan duk inda aka samu damar magana da hukuma ko wakilanmu a majalisa, buƙatar a bayyane take: saƙon da zai taɓa kuɗin mutum ya zo masa da harshen da ya zaɓa, a tambaye shi sau biyu kafin a cire, kuma in an kama an cire ba da izini ba, a mayar wa kowa kuɗinsa ba sai ya roƙa ba.

Ku ajiye mana a sashen sharhi abin da kuka tarar a wayoyin gidanku, sabis nawa ne, kuma nawa ake cirewa. Amma don Allah kada kowa ya rubuta lambar wayarsa ko ta wani. Ku tura wa 'yan uwa na Argungu da Gwandu da Jega da Yawuri da Zuru su ma su duba nasu.

A nan za mu dasa aya. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.